Fura Ai Sha Ake Yi

A lokacin ina sabuwar malamar firamare a Kirikasamma, kunya ta yi mini katutu, ko ido ba na iya haɗawa da mahaifina balle in yi masa musu. Baba manomin shinkafa ne a fadama, kuma ba a katse masa magana. Wata rana yana cicciɓar injin ban-ruwa sai santsi ya kwashe shi, kafaɗarsa ta goce. Ni na raka shi asibiti a Haɗeja. Aka ce sai an yi masa allurar barci kafin a mayar da kafaɗar.

Mu a wurinmu allurar barci guda ce, sai da likita ya zaunar da mu. Ya ce akwai mai kwantar da hankali da sa mantuwa, amma ba ta kashe zafi, kuma ba ta sakin tsoho da wuri. Akwai wadda ba ta cika taɓa numfashi ba, sai dai mutum kan farka da gane-gane da sambatu, tana kuma tayar da hawan jini, ga shi Baba yana da shi. Sai likita ya zaɓi wata fara sol kamar madara, mai saurin kamu da saurin saki. Amma ya ce ko wacce aka yi, muddin ciki a cike yake, amai na iya faɗawa huhu mutum yana barci, ya tafi ke nan. Ya tambayi Baba ko ya ci wani abu, Baba ya ce ko loma bai kai bakinsa ba tun safe.

Ba ƙarya ya yi ba, fura ai sha ake yi. Da hannuna na dama masa ita da kauri kafin mu hau mota, ya tashi da kwano guda. Ga allura an riga an zuƙo. Na sunkuyar da kai, na faɗa wa likita Baba ya sha fura. Baba ya watso mini harara, ya ce yaushe na yi girman gyara masa zance a gaban mutane. Likita ya ajiye allurar, ya ba shi maganin zafi, aka ɗage aikin sai yamma. An mayar da kafaɗar lafiya.

Har muka dawo gida Baba yana fushi da ni, kuma na ji ciwon hakan. Amma wallahi ban taɓa yin abin da nake alfahari da shi kamar wannan rashin kunyar ba. 'Yan uwa, in likita ya tambayi abin da aka ci, ku haɗa da fura da koko da kunu, ko da babba ya riga ku amsawa. Gara ya yi fushi da ku yana numfashi.