Saƙon da Na Goge a Taron Funtua

Shekarun baya kaɗan, lokacin da nake ganin duk ƙaramar hukumarmu babu wanda ya kai ni saurin yatsa, aka tura mu wani taro a Funtua. Taron ƙara wa juna sani ne na ma'aikatan ƙananan hukumomi, a kan yadda za a riƙa isar da saƙo ga jama'a ta waya da soshiyal midiya. Ni a sashen yaɗa labarai nake aiki, kuma ni ke kula da zauren 'yan garinmu na waya, wanda kowa ke ciki, daga liman har mai faci. Haihuwa, ɗaurin aure, isowar taki, ɓatan akuya, rasuwa, duk ta hannuna suke fita. Har sunana ya ɓace, kowa sai Admin. Ni kuwa abin yana fasa mini kai, ba zan ɓoye muku ba.

Tare da abokina aka tura mu. Malamin gona ne, unguwarmu ɗaya a wani gari kusa da Malumfashi, tare muka yi kiwon tumaki, tare aka zane mu a firamare. Shi mutum ne mai sanyi. Kafin ya amsa saƙo ɗaya ni na tura ashirin, shi ya sa nake tsokanarsa cewa wayarsa ta yi asarar ubangida.

Da safe na biya gidansu a kan mashin don in ɗauke shi. Na tarar da mahaifinsa a zaure, ya miƙe ƙafafu a kan tabarma. Ya kwana biyu ba ya jin daɗi, amma ba ciwon da zai hana mutum fita aiki ba ne. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube mu da manyan kayanmu ya ce, "To, yanzu danna waya ma sai an je Funtua an koyo?" Muka yi dariya. Har mun hau mashin ya kira ɗansa ya ce, "In za ku dawo ka taho mini da lemo. Bakina ba ya jin ɗanɗanon komai sai shi."

A nan sai in faɗa muku wani abu, don shi ne tushen ɓarnar da na yi. Ni tun da na yi wayo Baba nake ce wa wannan dattijo. Sunansa na yanka ko a bakin mahaifiyata ban taɓa ji ba, Malam kawai take cewa. Na san sunan, ba wai ban sani ba, amma ban taɓa haɗa shi da fuskarsa ba. Haka muka tashi, ba a kama sunan babba.

Damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsawo a gefen titi. Muka isa Funtua da wuri, aka rataya mana kati a wuya, aka ba kowa jaka da littafi da biro. Ni har hoto na ɗauka da katin na watsa a zaurenmu na waya, na rubuta cewa muna wakiltar al'umma. Wakilcin me? Oho.

Wata malama ce daga Kaduna ta fara jawabi, majigi na haska bayaninta a bango. Ta iya magana ƙwarai. Ta ce a wannan zamanin in hukuma ta yi jinkiri, jita-jita ce za ta riga ta isa kunnen jama'a, don haka jami'in yaɗa labarai ya zama mai hanzari. Ta kuma ce a tantance kafin a tura, amma ni wannan ɓangaren ta bayan kunnena ya bi. Hanzarin kawai na ji, ina ta gyaɗa kai kamar ni ta zo yaba wa. Dama a lokacin akwai wani malamin makaranta a garinmu da ya buɗe nasa shafin, yana ta ƙoƙarin riga ni sanarwa, abin yana ci mini rai.

Wajen ɗaya saura wayata ta motsa. Wani maƙwabcinmu ne da ya saba turo mini sanarwa. Ya rubuto cewa Allah ya yi wa wane ɗan wane na unguwa kaza rasuwa, jana'iza ƙarfe biyu da rabi, in sanar don mutane su samu. Ina da rubutun rasuwa a ajiye, daga Inna lillahi har Allah ya jiƙan musulmi, suna da lokaci kawai nake canjawa. Na kwafi sunan na liƙa, na danna, ya tafi. Na ɗago kai na ci gaba da kallon majigi, har da jin daɗin na riga malamin makaranta.

Sai sunan unguwar ya dawo mini. Unguwarmu ce fa. Kuma a unguwarmu mai wannan suna mutum ɗaya ne, shi ne wanda ya ce a taho masa da lemo.

Wallahi ban san gumi yana iya karyo wa mutum lokaci ɗaya haka ba. Abokina yana zaune a damana, kafaɗarsa na gogar tawa, ya sunkuya yana rubuta abin da malamar ke faɗa. Wayarsa tana kan cinyarsa, fuskarta a sama. Shi ma yana cikin zauren garinmu na waya, kamar kowa. Nan take na goge saƙon, na kulle zauren yadda ba mai iya rubutu sai ni. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Na saci kallonsa, na ga bironsa yana tafiya. Na ce a raina Allah na gode maka.

Amma na san yanzu kira zai fara shigo masa. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ara mini wayarka, cajina ya ƙare." Ku duba fa, tawa wayar tana hannuna tana haske, cajinta a cike. Ko ƙarya ban iya shiryawa ba ranar. Ya miƙo mini.

Na fita waje, sai ga kiran mahaifiyata. Muryarta a dashe. Ta ce, "Kana tare da shi?" Na ce eh. Ta ce, "To kada ka kuskura ka faɗa masa a can cikin baƙin mutane. Ka ce jikin ne ya motsa, ku taho yanzu. Kawunsa yana ƙofar gida yana jiransa, shi ya kamata ya faɗa masa. An ce za a jira shi ya ga fuskarsa, amma kada ku wuce biyu." Na ce to. Har za ta kashe sai ta ce, "Ba dai ka saka a wannan abin naku ba ko?" Na ce na saka, amma na goge. Ta ja numfashi ta ce, "Allah ya shirye ka. Mutuwar uba ba a jefa wa mutum ita daga nesa, hannunsa ake riƙewa."

Na koma ciki na taɓa kafaɗarsa. Muka fito. Na ce, "An kira daga gida, jikin Baba ne ya ɗan motsa, an ce mu koma." Ya dube ni, ni kuwa na dubi takalmina. Ya ce, "Jikin ne?" Na ce jikin ne. Ya ce, "To, mu je." Ya cire katin wuyansa ya ninke igiyar a hankali, ya sa a jaka. Bai nemi wayarsa ba.

Allah ya taimake ni a kan mashin muke, ba ya ganin fuskata. Ina tuƙi hawaye na zuba, iska na busar da su. Wayarsa kuwa tana aljihuna, na rufe mata murya, amma tana ta girgiza a cinyata ba ƙaƙƙautawa, na san masu ta'aziyya ne. Don kada shirun ya tona ni sai na shiga surutu. Na yi maganar masara, na yi maganar tsadar taki, har shinkafar taron da muka bari na yi wa kuka. Shi dai daga "haka ne" sai "ƙwarai".

Muna shiga Bakori ya taɓa bayana ya ce, "Tsaya. Ban sayi lemon Baba ba."

Na rage gudu. Na duba agogo, ɗaya ta wuce. Na so in ce bari sai gobe, amma wanda zai je duba mara lafiya me zai hana shi tsayawa sayen lemo? In na hana shi, na faɗa masa ke nan. Na tsaya. Ya sauka wajen wani mai tebur, ya shiga zaɓe ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowanne yana latsawa. Ya ce wa mai lemon, "Masu zaƙi za ka ba ni, na tsoho ne, ba ya son tsami." Mai lemon ya ƙara masa biyu gyara ya ce Allah ya ba shi lafiya. Abokina ya ce amin. Ni ina kan mashin na juya baya, ina ta goge madubin da ba abin da ya same shi.

Daga nan ban ƙara iya surutu ba. Ya rungume ledar lemon a tsakaninmu, ina jin sanyinta a bayana har muka shiga gari.

Tun daga bakin layi aka ga tabarmi da jama'a. Kawunsa ya taso tun kafin in kashe mashin, ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Sai haƙuri, ɗana. Malam lokaci ya yi." Abokina ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, sau uku. Ya juyo ya miƙa mini ledar lemon, kawun ya shiga da shi ciki. Ya samu ya ga fuskar mahaifinsa kafin a rufe, ya yi masa addu'a, aka sallaci Malam, ɗan nasa yana sahun gaba. Ni kuwa na tsaya da leda a hannu ban san inda zan ajiye ta ba, sai na miƙa aka kai cikin gida.

Ranar sadakar uku da la'asar, bayan mutane sun ragu, muna zaune mu biyu a zauren nan, a kan tabarmar nan. Ya shiga ciki ya fito da lemo biyu da wuƙa. Ya fere ɗaya ya miƙo mini. Ni dama abin yana cina, na yi niyyar in tafi da shi kabarina, amma na kasa. Na ce, "Akwai abin da na yi a Funtua da ban faɗa maka ba."

Ya ce, "Na gani, Admin."

Na ce me ka gani?

Ya ce, "Wayar tana kan cinyata, ta yi haske. Na karanta har lokacin jana'iza kafin ka goge. Rubutun da ka ga ina yi, je ka duba littafin, ba kalma ko ɗaya a ciki, zane ne kawai."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "To don Allah me ya sa ka yi shiru? Ka bar ni ina ta zuba kamar rediyo, har da lemo?"

Ya ɗan yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Da farko tausayinka na ji, na ga yadda gumi ya karyo maka. Da muka fito kuma ka ce jikin ne, sai na ga maganarka ta fi ta wayar daɗi. Na ce bari in riƙe taka har gida. Daga Funtua zuwa ƙofar nan ina da uba, ina kai masa lemo. Kai ka ba ni wannan, kada ka ƙara cewa ka yi mini laifi."

Na yi kuka a gabansa kamar ni aka yi wa rasuwar, shi ne ma ya koma yana ba ni haƙuri. Ya ce in sha lemona kafin ƙudaje su riga ni, tunda ni ba na son a riga ni.

Takardar shaidar halartar taron nan ban taɓa zuwa karɓa ba. Har yau ni ke kula da zauren garinmu, kuma har yau ana turo mini sanarwar rasuwa. Sai dai yanzu nakan karanta sunan a bayyane, in tsaya sai fuskar mai shi ta zo mini. Sannan in kira wanda ya turo in tambaye shi, 'ya'yansa duk sun ji? Na Kano ya ji? Wadda ke aure a Danja fa, an je an faɗa mata? In an ce da saura, sai in ajiye wayar in jira. Malamin makarantar nan kullum yana riga ni yanzu, wasu har suna cewa Admin ya tsufa. Na yarda.

Abokina kuwa duk lokacin da aiki ya bi da mu ta Bakori, sai ya taɓa bayana daidai wurin masu lemo. Ba ya cewa komai, ni ma ba na tambaya. Tsayawa kawai nake yi.