Aisami Matuƙin Jirgin Gwangwani

A Gure, garin da ba shi da kogi, an taɓa yin matuƙin jirgin ruwa. Sunansa Aisami, kuma asalin sana'arsa lambu ce. Yana da ɗan fili a kwari tsakanin tuddan rairayi, da rijiya ɗaya da guga ɗaya, yana noman albasa. Da ita yake ciyar da gidansa har damina ta zagayo.

Wajen shekarar 1935 wani Anasara mai auna hanya ya sauka a garin da akwatunansa. A ciki har da jirgin ruwa na gwangwani, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ana murɗa masa makulli, sai wani ɗan fiffike a bayansa ya kama juyawa. Idan aka murɗa da yawa ya yi gudu, idan kaɗan ya yi rarrafe. Yana da wutsiyar ƙarfe da ake lanƙwasawa kafin a sake shi, wai don ya yi kwana ya dawo. Da zarar ya bar hannu kuwa, ba ya jin kiran kowa, iska ce uwargijiyarsa.

Damina ta wuce ta bar tafki a gefen kwarin. Kowace la'asar Anasara yakan zo ya saki jirgin, jirgin ya tafi ya maƙale a ciyawa. Aka nemi mai shiga ruwa ya ɗauko. Mai unguwa ya duba ya ga lambun Aisami ne mafi kusa, ya kuma yanke cewa makusancin ruwa shi ne masanin ruwa. Alhasan tafinta ya shaida wa Aisami cewa an naɗa shi matuƙi. Tuƙin dai shi ne ya shiga laka har ƙugu, ya juya hancin jirgi wajen mai shi, ya tsaya yana jiran ɓata na gaba.

La'asar ɗin nan kuwa ita ce lokacin ban ruwa, ga shi bai daɗe da yin dashe ba. Yakan fito daga tafki jiƙe sharkaf ya tarar da albasa ta kwanta don ƙishi. Matarsa Kaltumi ta ja guga iya ƙarfinta, sannan ta ce, "Malam, albasar nan fa ba ta san Anasara ba."

Aisami ya yi tunani irin na wanda ya tashi cikin dabbobi: abin da ke yawo ba ya jin kira, turke ake kafa masa kamar akuya. Da safe ya shiga tsakiyar tafki ya kafa turke, ya ɗaura doguwar igiyar kaba siririya, ya ɗaure ta a hancin jirgi. Da la'asar aka murɗa makulli, jirgi ya ja igiya ya kama zagaye ba tangarɗa. Anasara ya yi tafi. Aisami ya sulale ya koma bakin rijiyarsa.

Bai kai ga shayar da kwamin albasa na biyu ba Alhasan ya leƙo ta shinge. "Matuƙi, taso, akuyarka ta nannaɗe."

Igiya ta yi ta naɗewa a turke, zagaye na ƙanƙancewa, har jirgi ya manne da turken a wuri mafi zurfi. Aisami ya san akuya ma takan yi haka, amma ita idan wuya ya matse sai ta juyo ta warware kanta. Wannan hankalin ne ya zata jirgin na da shi.

Anasara bai yi fushi ba. Dabarar ta burge shi ƙwarai, ya ce a riƙa yin haka kullum, sai dai matuƙi ya tsaya a gindin turke yana warware igiya. Aisami, wanda a da yake shiga ruwa yana fita, yanzu a ciki yake tsaye har rana ta faɗi.

Tafkin bai ƙafe ba sai da dashen ya bushe. Shekarar nan gidan Aisami ba su ga albasa ba, rani ya ƙare musu a aikin lambun wasu, kurkunu kuma ya fito masa a ƙafa ya bar shi da ɗingishi. Da Anasara zai tashi, makullin ya riga ya karye, sai ya bar masa jirgin kyauta.

Har ya tsufa Matuƙi ake kiransa, yana kuma amsawa, don gardama ma ƙarfi take so. Jirgin kuwa Kaltumi ta cire masa wutsiya tana yayyafa wa irin albasa ruwa da shi. Ta ce bai kai ƙoƙo ci ba, amma ba ya fashewa.