Ranar da Kawu Ya Tuƙa Jirgin Baba

Baba bai taɓa fita daga Sudan ba, amma akwai wani kogi a arewacin Sifaniya da ya san labarinsa kamar ya taɓa wanka a ciki. A bakin kogin akwai birnin masu narka ƙarfe, birnin kuma yana da kulob ɗin ƙwallo mai riga ja da fari. Tun yana saurayi ya ji a rediyo cewa ba sa ɗaukar ɗan wasa sai wanda aka haifa ko ya tashi a yankinsu. Ya ce mutanen nan irinmu ne, mu da kakanninmu suka taso daga Sakkwato suka sauka Mai Wurno, suka ƙi sakin harshensu. Daga ranar ya bi su.

Ni ce mai karanta masa. Da la'asar yakan zauna a gindin darbejiya yana gyaran igiya, ni kuma ina karanto masa tarihinsu daga waya. Sun haura shekara ɗari, ba su taɓa faɗowa daga rukunin manya ba. Sun ci gasar ƙasar sau takwas, kofin ƙasa kuwa fiye da sau ashirin. Amma abin da ya fi so in maimaita shi ne al'adarsu: idan suka ci kofi ba sa hawa mota. Wani tsohon jirgin dakon kaya suke hawa, a ja su bisa kogi, gari duka ya fito gaɓa biyu. Rabon jirgin da ruwa tun kafin Baba ya yi aure.

Baba mai fito ne, yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa zuwa wancan gefen kogin garinmu. Ya shafa wa jirginsa fenti ja da fari, ya kuma faɗa wa kowa cewa ran da suka sake cin kofi shi ma zai zaga kogi.

Kawu wan Inna ne, kuma ɗan goggon Baba, wato taubashinsa. Shi ke da nadi, rumfar kwano da maza ke taruwa kallon ƙwallo a bakin kasuwa. Shi manyan kulob masu kuɗi yake bi, wanda ya ci bana shi ne nasa. A wurinmu taubashi yana da hakkin ya tsokane ka son ransa, in ka yi fushi kai ne ka ji kunya. Kawu ya san wannan sarai.

A shekarar da kulob ɗin Baba ya kai wasan ƙarshe sau biyu cikin mako biyu, duka aka doke shi, Kawu ya sa aka ɗauko jirgin daga mashigi aka ajiye a ƙofar nadi. Ya cika shi da dusa. Ya ɗauko rigar Baba ta kulob ɗin, ja da fari, daga kan igiyar shanya ya sanya wa jakin da ke kai masa ruwa, ya ɗaure jakin yana ci a cikin jirgin. Ina dawowa daga makaranta na gani. Baba yana tsaye cikin mutane yana dariya, domin abin da ake jira ya yi ke nan.

Kwana uku jirgin ya yi a wurin. Daga nan har yara suka koma ce masa mai jirgin jaki. Bai sake shiga nadi ba. Rigar kuwa ni na kwance ta daga jikin jakin, na wanke ta sau uku, na ninke ta a ƙasan akwatin littattafaina. Ana ce mini mai sanyin hali, ni ma haka na ɗauki kaina. Amma duk sanda na buɗe akwatin sai in ji ƙirjina ya yi zafi, kuma ban taɓa roƙon Allah ya cire mini wannan zafin ba.

Bayan shekara guda ɓarin jikin Baba ya shanye. Harshensa ya yi nauyi, baƙi ba sa gane maganarsa, sai su juyo su dube ni. Haka na zama bakinsa. Jirgin aka kife shi a gindin darbejiya.

Yaƙi ya rufe jami'a, na dawo gida. A ƙarshen azumin shekarar, wani hantsi da waya ta samu sabis, na ga labarin: kulob ɗin Baba ya ci kofin, da bugun daga kai sai mai tsaron gida, bayan shekara arba'in. Na durƙusa gaban gadon Baba na faɗa masa. Hawaye ya gangaro daga idonsa mai lafiya. Ya daɗe yana kallon jirgin da ke kife.

Ran Sallah, bayan an sauko daga idi, maza kan bi gida gida suna neman afuwa. Kowa ya ce a yafe masa, kowa ya yafe. Kawu ya shigo da liman da wasu dattawa, jallabiyarsa fara tas, yana ƙamshin turare. Ya sunkuya ya dafa kafaɗar Baba.

"Afuwa, taubashi. Abin da ya wuce a yafe."

Baba ya motsa baki. Na ji shi sarai. Cewa ya yi ya yafe, duniya da lahira.

Duk suka juyo gare ni. Na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata yarinya ta yi a gaban manya.

"Kawu, ya ce ya yafe, amma sai ka tuƙa shi a jirginsa. Gobe. Da hannunka, kuma da rigar nan a jikinka."

Inna tana bakin murhu tana dafa gahawa. Ita ma tana gane maganar Baba. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi wanta, sai ta ci gaba da fifita gawayi.

Kawu ya yi dariya, ya ce zai ɗauko masu fito su yi. Liman ya ce ai buƙatar marar lafiya ce, kuma wasan taubasai ba gefe ɗaya yake tafiya ba. Dattawa suka gyaɗa kai. Kawu ya daina dariya.

Da yamma abokan aikin Baba suka kai jirgin bakin ruwa suka nutsar da shi, domin katakon da ya bushe sai ya sha ruwa kafin ya daina yoyo. Kwana ɗaya bai isa ba. Na sani, kuma ban ce a ƙara ba.

Washegari, a ranar da mutanen wancan birnin suke sa nasu jirgin a ruwa, aka ɗauko Baba aka jingina shi da matasai a tsakiya. Na zauna kusa da shi da ƙwarya a hannu. Rigar ta matse Kawu, tumbinsa ya leƙo ta ƙasa. Bai taɓa riƙe filafilin tuƙa jirgi ba. Ya tura, jirgin ya juya a wuri ɗaya. Ya sake turawa, ya sake juyawa. Gaɓa ta cika da mata cikin kayan Sallah, da 'yan nadi, da baƙin da yaƙi ya koro daga birnin Madani, waɗanda rabonsu da dariya an daɗe. Ruwa ya fara shigowa. Gefenmu kaɗai nake kwashewa, na bar nasa ya hau har ƙwauri.

Masu fito suna yi masa ihu daga gaɓa, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu. Da ƙyar muka kai tsibirin yashi muka dawo. Na ce Baba ya ce a sake. Muka sake. Tafin hannun Kawu ya tashi ya fashe, yana numfashi kamar jakin da ya hau tudu da kaya. Wani ya ɗaga murya ya gaishe da Baba da sunansa na gaskiya, wanda na daɗe ban ji a bakin 'yan kasuwa ba. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

Sai ya sauke hannun ya riƙe nawa. A hankali ya ce ya isa haka.

Kawu ya tsaya, gumi yana ɗiga daga gemunsa. "'Yata, me ya ce?"

Na dubi jan fentin da haƙoran jaki suka kankare a bakin jirgin. Kwana uku jirgin nan ya yi a ƙofar nadi, mu kuwa zagaye biyu muka yi.

"Ya ce saura ɗaya, Kawu."

Baba ya matse mini hannu har na ji zafi. Bai ƙaryata ni ba. Kawu ya sa filafili a ruwa.