Gidan da Yaya Ta Taya

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki a ɗakin wanki na babban asibiti. Zanin gado, rigunan tiyata, tawul, duk abin da jini ko amai ya taɓa, sai ya bi ta hannunta kafin ya koma kan gado fari fat. Ruwan bilic ya cinye mata zanen yatsu, har ranar da aka zo ɗaukar hoton yatsun ma'aikata na'ura ta ƙi karanta nata, aka yi ta dariya, ita ma tana taya su. A unguwa Uwar Biyu ake ce mata, saboda tagwayenta mata. Ni kuwa Yaya nake ce mata, don ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Mijinta kafinta ne, kuma da Kafinta kowa ya san shi. Tagwaye na rarrafe suka kama haya a wani gida mai ɗaki uku a bayan tashar mota. Lokacin da suka shiga, gidan da kango bambancinsu kaɗan ne: kwano ya ruɓe, banɗaki ba ƙofa, tsakar gida kuwa in aka yi ruwa sai an jera bulo ake takawa. Mai gidan dattijo ne mai sauƙin kai. Ya ce duk abin da suka ga za su iya gyarawa su gyara, shi kuma ba zai ƙara musu haya ba sai in ta kama dole. Kafinta ya sauya katakon rufi, ya buga silin, ya yi ƙofofi da tagogi da hannunsa. Yaya ta ja famfo da kuɗin adashi, wata shekara ta shafe tsakar gida da siminti, wata shekarar ta ɗaga katanga. Haka suka yi shekara ishirin da shida, ana biyan haya ana gyara, har aka aurar da tagwaye daga cikin gidan.

Sai ciwo ya kwantar da Kafinta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai ido da hannu ɗaya. Bayan shekara biyu Yaya ta yi ritaya, aka ba ta kuɗin sallama, ta ajiye a banki ba ta taɓa ba. A shekarar nan ce dattijon ya rasu.

Wata huɗu da rasuwar, wani mutum ya yi sallama da hantsi. Dillalin gidaje ne, gajere mai fara'a, waya biyu a hannu, makullai cike da aljihu. Ba-Matsala ake kiransa, don ba ya gama magana bai faɗi haka ba. Ina gidan a ranar, na kawo wa Kafinta magani.

Ya ce, "Mama, magada sun yanke shawarar sayar da gidan nan a raba. Amma sun ce ke za a fara yi wa tayi, saboda daɗewa. Ba matsala."

Yaya ta goge hannu a zani ta ce, "Nawa suka sa?"

"Miliyan goma sha biyu."

"Wannan gidan?"

"Mama, dubi silin. Dubi ƙofofin nan, yanzu ina za a samu irinsu? Ga famfo, ga siminti, ga katanga."

"Ai mu muka yi su."

"Allah ya saka da alheri, kun riƙe amana. Amma kin san duk abin da aka kafa a jikin gini na gini ne."

Ta taya takwas, wato kusan duk abin da ke bankin. Ya yi dariya ya ce albarka, amma zai kai musu magana. Da ya fita na ce mata, "Yaya, ki je wurin 'ya'yan dattijon nan da kanki. Kin san babbar 'yarsa tun tana makaranta." Ta ce a'a, mutane suna cikin makoki ba za ta je musu da ciniki ba, kuma dillalin ya ce magadan ba sa ga maciji da juna a kan rabon, sun hana kowa zuwa sai ta hannunsa. Yaya mace ce mai gudun abin kunya, ko bashin gishiri ba ta iya tambaya.

Daga makon nan aka fara kawo masu duba gida. Ba rana ba lokaci. Tana tsakar wanke wa mijinta jiki sai ta ji, "Mama, ba matsala, minti biyu ne." Su shigo da takalma, su ƙwanƙwasa bango, su buɗe famfo su bar shi yana zuba, su leƙa tukunya a kicin. Shi kuma yana gaba yana kirari: wannan ƙofar katakon ainihi ce, aikin hannu ne ba na kanti ba. Wata rana wani mai ƙaton ciki ya shiga ɗakin da Kafinta ke kwance, ya ja tef ɗin awo daga wannan bango zuwa wancan, ta saman kan mara lafiya, ko sannu bai ce ba. Ya juya ya tambayi dillali, "Wannan ɗin yaushe za a kwashe shi?" Yaya ta ce min ba ta san ko gadon yake nufi ko mutumin ba. Kafinta dai ya ji. Ya juya fuska bango, ranar bai karɓi abinci ba.

Bayan kwana goma dillali ya dawo da fuskar jimami. Wai wani ya taya tara, amma shi ya tsaya kai da fata a jira Mama. Tagwaye suka haɗa abin da suke da shi, ɗaya ta sayar da sarƙarta ba da sanin mijinta ba, ni ma na kawo ɗan abin da ya samu. Yaya ta ce tara da rabi. Ya ce madalla, magana ta kusa. Ta ce to ya karɓi kafin alƙalami a rubuta takarda. Ya ɗaga hannu.

"Haba Mama, tsakaninmu? Bari magada su zauna tukuna. Babban yayansu ya yi tafiya."

Babban ya yi wata guda yana tafiya. Da ya dawo, a bakin dillali, sai ga shi wai mutumin can ya kai goma.

Abu ɗaya ya rage a gidan mai daraja, kayan aikin Kafinta. Injin yankan katako, injin goge shi, da akwatin ƙarfe cike da zarto da kurfi da guduma, duk a ɗakin ƙarshe, an lulluɓe da tamfol. Tun da ya kwanta, duk Asabar sai ya sa an tura shi a keken guragu zuwa ɗakin, ya shafa musu mai da hannun hagu. Likita ya daɗe da gaya wa Yaya cewa hannun nan ba zai sake riƙe zarto ba, amma ba wanda ya gaya wa shi mai hannun.

Ta zauna a bakin gadonsa ta yi masa bayani, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ta ce, "Baban Biyu, in ba ka yarda ba, wallahi ba mai taɓa su." Ya daɗe yana kallon silin. Can ya ɗaga hannu ya yi alamar a ɗauka. Wani tsohon abokin sana'arsa ne ya saya, kuma ya yi mutunci, bai taya ba, abin da aka ce shi ya bayar. Amma da aka zo jan injin ta tsakar gida, ƙafarsa ta ƙarfe tana kartar siminti, sai muka ji wani sauti daga ɗaki wanda ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinsa ba. Yaya ta shiga ta rufo ƙofa. Mu muka ƙarasa lodin.

Washegari ta kira dillali ta ce goma, a hannu. Ya ce, "Mama, kin gama. Ki fara sayen fenti." Ta kuwa saya, bokiti biyu.

Mako uku shiru. In ta kira, ko waya a kashe ko yana wurin zaman magada. Ranar wata Talata wani ma'aikacin lauya ya miƙo mata takarda a ƙofa. Ba ta iya karatun irin wannan Turancin ba, ta kira ni. Notis ne. An sayar da gida, sabon mai shi ya ba su wata uku su tashi.

A ranar ta ajiye kunya. Na ɗauke ta a mota muka je gidan babbar 'yar dattijon, malamar makaranta ce. Ta tarbe mu babu sakin fuska. Da Yaya ta nuna mata takardar, sai malamar ta ce, "Gwaggo, ai mu ne ya kamata mu yi fushi. Mun ce a ba ki a tara, ko biya biyu ne mun yarda, don Baba ya yi mana wasiyya a kanku. Aka dawo mana da cewa kin taya shida, kin ce gidan ruɓaɓɓe ne, kuma sai an cire miki kuɗin gyaran da kuka yi."

Yaya ta ce, "Ni? Ni na ce haka?"

"Haka ya gaya mana, har sau uku."

"To nawa kuka sayar?"

"Tara."

Yaya ta buɗe jaka ta fito da takardar banki mai nuna miliyan goma ta ajiye mata a cinya. Malamar ta duba, ta sake dubawa, ta dafe kai tana salati. Ta kira yayanta a gabanmu, muna jin muryarsa yana cewa an sa hannu, an raba kuɗi, ƙaraminsu ma har ya sayi mota da nasa. Ta yi kuka, ta ba da haƙuri, ta rako mu har bakin titi. Iyakar abin da za ta iya ke nan.

Daga can ofishin dillali muka wuce. Shago ne ɗan ƙarami a saman wani kantin taya, tebur ɗaya, fanka mai ƙara, allo an rubuta gidaje da alli. Na shiga da niyyar in shaƙe shi, Yaya ta riƙe min riga. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutumin ko gezau bai yi ba. Har kujera ya jawo mata.

Ta ce, "Ɗan nan, me na yi maka?"

Ya ce, "Wallahi ba ki yi min komai ba, Mama. Ki duba ta nan. In ke kika saya, la'ada ɗaya zan ci, shi ke nan mun rabu har abada. Shi wannan da ya saya rushewa zai yi ya gina shaguna takwas, kuma ni zan riƙa zuba masa 'yan haya duk shekara. Ke da kanki in ke ce, wanne za ki ɗauka?"

"To me ya sa ka yi ta sa ni ƙari?"

"Don in nuna masa akwai mai so. In ba haka ba sai ya yi ta jan ƙafa." Ya gyara zama. "Amma ba matsala, akwai wani gida a hannuna daidai kuɗinki."

Ta miƙe ta fita. A matakala ta zauna, masu hawa da sauka suna ratse ta.

Na kai maganar wurin lauya. Tambayarsa ɗaya ce: akwai wani abu a rubuce? Babu. Ya ce in muna so zai iya nema mana ƙarin wata biyu, amma gida ya tafi.

Wata uku ba ya isa neman gida ga mai majinyaci. Duk inda muka je cikin gari, kuɗinta ba ya kaiwa, ga shi kowane dillali sai an ba shi kuɗin gani kafin ya buɗe ƙofa. Ƙarshe ta sayi wani ɗaki biyu da ba a gama ba a can bayan gari, inda kwalta ta ƙare da tafiyar rabin awa. Ba wuta, ba famfo, bango ko filasta babu. Amma takardunsa ƙalau suke, don sai da na kai su ofishin filaye da kaina har sau biyu. Ranar tashi ta so ta cire ƙofa ɗaya daga cikin na mijinta, sabon mai gida ya aiko a gaya mata an ƙirga komai.

Kafinta ya yi wata biyar a sabon gidan. Wata safiya, bayan an kwana biyu ana ruwa, numfashinsa ya sarƙe. Yaya ta kira ni, na taho, motata ta kafe a laka tun daga bakin hanya. Maƙwabta huɗu suka ɗauko shi a kan katifa suna zamewa suna tashi, ita tana biye da lema tana kare masa fuska. Kafin su iso inda nake ya cika. Daga tsohon gidan zuwa asibiti tafiyar minti goma ce a ƙafa. Ba ta taɓa faɗin wannan ba, ni ma ban taɓa faɗa a gabanta ba.

Yanzu shekara uku ke nan tana can ita kaɗai. Gwiwa ta hana ta ɗaukar ruwa, sai ta saya a wurin masu kura, in sun ga dama sun shigo. Tana yi wa matan unguwar guga da dutsen gawayi, ba don kuɗin ba sosai, don ta samu mai shigowa. Tagwaye kowace ta roƙe ta ta koma wurinta, har surukan sun sa baki. Watan jiya ma na sake yi mata maganar, muna zaune a inuwar bango tana tsince shinkafa.

Ta ce, "In tafi in bar wa wa? In ce a sayar, a kira wa ya sayar?"

Na ce ai dillalai ba duka suka zama ɗaya ba.

Ta ce, "Na sani." Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince, suka rugo suka duba suka watse. "In za ka dawo ka taho min da man zafi, na gwangwanin nan, ba na roba ba."