Murdo Keown, Mai Tuɓe wa Giginyoyin Maƙabarta Buhu

Daga Mayu har ƙarshen Agusta, lokacin hunturunmu, ƙarfe bakwai na safe Murdo Keown yake buɗe ƙofar maƙabartar garinmu, nan ƙarshen yankin Southland, a kudancin duniya. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, hazon teku ya rufe ko'ina. Da ka ɗan shiga ciki sai ka hango su tsaitsaye tsakanin kaburbura, kowace lulluɓe da buhu daga wuya har ƙasa. Wani direban tankar madara ya taɓa hango su daga titi, ya rantse shi da hanyar nan har abada. Giginyoyi ne, irin masu gashi a jiki da ke jure sanyi, guda talatin da bakwai. Murdo yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana kwance igiya, yana kiran kowace da sunan wanda ke kwance ƙarƙashinta. "Sione, an tashi lafiya? Akesa, yau kam kin sha sanyi." Kafin rana ta faɗi ya dawo ya mayar musu da buhunan. Shekararsa talatin da ɗaya yana wannan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Mu mutanen tsibiran Tonga, aikin mayanka ne ya kawo iyayenmu nan. Murdo kuwa Bature ne haifaffen garin, yankan ciyawa kawai aka ɗauke shi. Ya ga tsofaffinmu na kukan an binne nasu a ƙasar da ko kwakwa ba ta fitowa, sai ya nemo iri ya rene su a bayan gidansa. Ba wanda ya sa shi, mu kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya gode masa yadda ya kamata. Ni ce kan gaba a marasa kunyar.

Da mahaifina Semisi ya rasu, Murdo ya dasa masa tasa. A sanyi na biyu aka yi wa Murdo aikin ƙugu, ya yi mako uku a kwance. Mahaifiyata Meleane ta ce ita ba za ta bar mijinta da tsumman buhu ba. Mu dama al'adarmu ce mu ƙawata kabari da bargon da aka ɗinka da hannu. Ta naɗe giginyar da bargon aurensu, ta rufa leda, ta ɗaure tam, ba ta sake kwancewa ba.

Ranar da Murdo ya dawo yana dogara sanda, ya yanke ledar, ruwa ya tsiyayo. Ya kama sabon tofon tsakiya ya ɗan ja, sai ga shi ya zare a hannunsa, baƙi, yana yauƙi. Warin da ya taso ba irin wanda kake son ji a maƙabarta ba ne. Na toshe hanci na ja da baya.

"Ba sanyi ne ya cinye ta ba, Meleane," in ji shi. "Gumi ne. Ba ta sha iska ba."

Inna ba ta ma ji shi ba. Ta ce, "Ƙasar nan ta ƙi shi. A tono min mijina in kai shi gida." Washegari ta sa aka karɓo takardun tono. In ta tafi da shi Tonga, ba za ta dawo ba, mun sani. Mu da 'ya'yanmu da aka haifa nan, uwa da kabarin uba za mu rasa lokaci guda.

Na sami Murdo na zazzage masa. "Kai da shegen shuke-shukenka! Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Lupe, rage murya, mutane na hutawa. Ku ba ni kwana goma."

Ya kawo zarto ya yi ta yanke kan giginyar ɓari-ɓari, yana sunsuna kowane, har ya kai inda ya yi fari fes. Sai kututture ya rage, iya ƙugu. Ya kifa masa bokiti, ya tokare da dutse don iska ta shiga. Kullum Inna na zaune a gefe, takardun na cikin jakarta.

Safiya ta bakwai ba iska ko kaɗan, amma wallahi ganyen sauran giginyoyin sai ƙas-ƙas yake yi, kamar haƙoran mai rawar sanyi. Murdo ya ɗaga bokitin. Daga tsakiyar yankan wani abu fari ya turo kai, tsawon gaɓar yatsa. Inna ta taɓa shi, ta ce, "Da ɗumi."

"Hannunki ne ya yi sanyi," in ji Murdo. Shi ma ya taɓa. Ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Har yau in na tambaye shi sai ya canza magana.

Murdo, kai ne ka durƙusa a kan ƙanƙara da ƙugun da bai warke ba saboda mutumin da ba danginka ba. Kai ne na zaga ka shanye. Mai rainon marasa baki, ka yafe min, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasanmu, ku je ku koya tun yana da ƙarfin nuna muku.

Inna ba ta taɓa cike takardun nan ba. Makon jiya ta sa na kai ta wurinsa, ta nuna masa filin da ke hagun Baba da sandarta.

"Nan za a sa ni," ta ce. "Kada a dasa wata. Wannan ta ishe mu mu biyu."