Zaren Ɗinki a Ƙarƙashin Layin Dogo

Mijina bai taɓa tuƙa jirgin ƙasa ba, amma duk unguwa Mai Jirgi ake ce masa. Aikinsa gyaran wuta ne a masana'antar barguna, har ta durƙushe ya koma gyaran fanka da dutsen guga a ƙasan benen da muke zaune. Jirgin da ya ja masa sunan kuwa na wasa ne, tsawonsa bai kai tafin hannuna ba. A wurin masu sayar da tarkace ya tsinto shi, ko motsi ba ya yi. Ya warware injin cikinsa, ya sake naɗa shi da wayar tagulla siririya kamar gashi. Ranar da abin ya motsa, mutumin nan ya yi ihun da ko ranar haihuwar 'yarmu Auta bai yi ba.

Ni ɗinki nake yi, shi ya sa yake kirana Tela. Ɗakin da na ware wa kekena shi ya roƙa, wai aron kusurwa ɗaya kawai. Kusurwa ta zama bango guda, bango guda ya zama huɗu, ni da kekena muka tsinci kanmu a baranda. Ya kafa faffaɗan katako bisa ƙafafu daidai ƙugu, ya zagaye ɗakin kaf, ya bar fili a tsakiya wanda sai ka sunkuya ka shiga. A kai ya shimfiɗa layin dogo, ƙarafa biyu sirara bisa 'yan katakai kamar tsinken ashana, yana dasa ƙusoshi da hantsaki. Tsakuwar gefen layin da rariyata ya tankaɗe ta, har yau ban yafe ba. Taragai ya yanka daga gwangwanin madara, ya yi dutse da buhun siminti da filasta, ya huda masa rami jirgi na shiga yana fita. Ga tasha, ga gada, ga ƙwayayen fitila kamar ƙwayar shinkafa.

Ƙarƙashin katakon ne ban taɓa leƙawa ba. Can wayoyi suke. Lokacin da masana'anta ta rufe ya dawo da ƙaton naɗin baƙar waya da za a zubar, kuma da ita ya yi komai: wutar layi, fitilu, da mahaɗar da ke karkatar da jirgi hagu ko dama. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce masa ya riƙa bambanta launi mana. Ya yi dariya, ya buga goshinsa da yatsa.

"Launi na wanda bai san aikinsa ba ne. Duk suna nan a jere."

Faɗa kuwa Allah ya ba shi. Ka taɓa layi da yatsa, ya ce maiƙon hannunka zai tsayar da jirgi. Ka yi tari kusa da tasha, ya harare ka. Shekaru muka yi muna wannan, yana faɗa ina ramawa, kuma ba wanda ya gaji.

Sai goshin nan da yake taƙama da shi ya fara zubar da abin da ke ciki. Da fari makulli ne. Daga nan sunayen masu kawo gyara. Wata safiya ya fita sayen burodi, maƙwabci ya dawo da shi riƙe da hannu kamar baƙo. Likita ya yi dogon bayani wanda ƙarshensa dai babu dawowa. A falo sai ya zauna yana kallona da ladabi, yana gaishe ni kamar matar da ta zo biki. Amma da ya sunkuya ya shiga tsakiyar jirginsa, sai ya miƙe tsaye sosai, ya murɗa makunni, ya ɗaga murya.

"Tela! Wa ya share mini tsakuwa a bakin gada?"

Ina baranda sai in ji daɗi ya kama ni har hawaye. A duk duniya ɗakin nan ne kaɗai ya rage inda mijina ya san ni.

Ana haka bangon benen ya tsage daga sama har ƙasa. Ma'aikatan gwamnati suka zo suka shafa jan fenti a ƙofa, suka ce kowa ya fita kafin ruwa ya sauka. Auta da mijinta suka ce mu koma wurinsu, har ma za su bar mana ɗakin ajiyarsu. Na ce jirgi fa? Auta ta sunkuyar da kai.

"Mama, mu sa masa kan jirgin da taragai a kwali. Sauran ai katako ne kawai."

"Katako ne kawai? Je ki same shi a falo ki tambaye shi sunanki. In ya faɗa, na bar katakon."

Ba ta je ba. Ta yi kukanta, na yi nawa, ta kira kafinta.

Kafinta ya auna ƙofa, ya auna matakala, ya ce sai an yanka abin gida-gida, in ba haka ba ko rabinsa ba zai fita ba. Yankawa ba wuya, in ji shi. Sai ya durƙusa ya haska ƙarƙashi da tocila.

"Mama, wannan ai baƙar taliya ce. In zarto ya bi ta nan, wa zai san wacce ke haɗuwa da wacce?"

Na ce mai ita zai sani. Washegari na lallaɓa shi, na shimfiɗa masa tabarma, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin katakon, ni ina durƙushe da fensir don in yi alama. Ya kama waya ɗaya da ƙarfin gwiwa. Ta fitilar gada ce, in ji shi. Ya bi ta da yatsa, ta shige cikin 'yan uwanta. A'a, ta mahaɗa ce. Ya saki, ya kama wata, ya koma ta farko. Numfashinsa ya fara sauri.

"Tela, wa ya sake mini wayoyi? Ba haka na bar su ba."

"Ba wanda ya taɓa, Malam."

"To ina suka tafi?"

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, suna gangarawa cikin kunnuwansa saboda kwanciyar da ya yi. Da ƙyar na jawo shi waje. Na zauna gaban kekena ina zagin baƙar waya, ina zagin masana'antar da ta ba shi, ina zagin taurin kansa. Idona na kan kwandon zaruruwana ina zagin, har bakina ya tsaya da kansa.

Na kira kafinta ya ja layi da alli duk inda zartonsa zai bi. Na ɗauki kwandon, na cusa tocila a baki, na shiga ƙarƙashin da na ƙi shekara da shekaru. Kowace waya da ta ratsa layin alli, sai in ɗaura mata zare iri ɗaya a gefe biyu, ja da ja, kore da kore, in yanka tsakani da almakashin da ba zai sake yanka yadi ba. Ba sai na san aikin wayar ba, in dai zare ya sami ɗan uwansa. Launuka suka ƙare, wayoyi ba su ƙare ba. Na koma haɗa ja da fari, shuɗi da ruwan ƙwai, na koma ƙulli ɗaya, ƙulli biyu, na yayyaga ƙyallen kayan mutane. Ƙura na zuba a idona, bayana kamar an sa masa wuta.

Wata rana ina ciki ya shigo. Ya ga ƙafafu a ƙarƙashin jirginsa da guntayen waya a ƙasa. Ya kama ƙafata ya ja da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba, yana ihun ɓarauniya, har maƙwabta suka hauro. Na fito da ƙura a kai, gwiwa na jini, na ce masa ni ce. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa maƙwabci a kira masa Tela matarsa ta zo ta gani. Na ɗaure gwiwar da ƙyalle, na jira ya yi barcin rana, na koma ciki.

Ranar yanka Auta ta fita da shi. Gara da ta yi. Zarto ya shiga dutsen nan ya raba shi, filasta na zuba kamar gari, ya ratsa tasha ta tsakiya, ya yi ƙara a kan ƙarafan layi har haƙorana suka mutu. Na naɗe taragai ɗaya-ɗaya a tsumma, kan jirgin kuwa a zanina na ƙulle shi. 'Yan dako suna sauke gutsattsarin, zaruruwana na reto a ƙasa, ina bin su ina roƙo a yi a hankali kamar gawa aka ɗauko. Ina matakala ɗayansu ya fizge taransifomar da ke ba jirgin wuta daga bango don ya taimaka. Wayoyi biyu da ke kai wuta layi suka fita, kuma su ban ɗaura musu komai ba.

A gidan Auta ya zama wani mutum dabam. Ya zauna bakin gado da takalmansa a ƙafa, yana tambaya yaushe za a mayar da shi gida. Abinci sai an yi da gaske. Sunana ya ɓace ɗungurungum. Na san in jirgin nan bai tashi da wuri ba, babu wanda zai rage da za a tayar wa.

Kafinta ya tsayar da katakan a ɗakin ajiya, ya haɗa su da ƙusa, ya ce iyakarsa ke nan. Sauran aikin soda ne, narka dalma a haɗa waya da waya, kuma ni ko riƙe ƙarfen sodar ban iya ba. Dalma ta riƙa dunƙulewa tana ɗiga a hannuna. Yatsuna suka yi bororo, allura ma na kasa riƙewa. Sai in haɗa, in ja kaɗan in gwada, ta tsinke. Na yi jifa da ƙarfen ya fi a ƙirga, in je in ɗauko da kaina.

Wani yammaci ina fama, inuwa ta rufe ni. Shi ne tsaye a kaina.

"Ke, wa ya koya miki wannan shirmen? Wayar ake zafafawa, ba dalmar ba. Kawo nan."

Na miƙa masa ƙarfen. Ya durƙusa, ya haɗa ja da ja, dalma ta kwanta sumul tana ƙyalli. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku, yana mita cewa an bar bakin ƙarfen da datti. Ni kuwa ina cewa a raina ƙara, Malam, ƙara faɗan. Yana cikin ta huɗu ya tsaya, ya dubi abin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali a kan tabarma har ta fara hayaƙi, ya fita. Bai sake shigowa da ƙafarsa ba, amma na ga yadda ake yi.

Na ƙarasa su duka. Inda zarto ya lanƙwasa bakin layi na miƙar da filaya, na goge da fayil ɗin ƙarfe, ina bin mahaɗin da farce har ya daina kamawa. Na cike tsagar dutse da filasta, na mayar da tsakuwa da cokali. Ruwa ya sauka, aka rushe tsohon benen, ni ina ƙarƙashin katako. Daga ƙarshe saura wayoyi biyun nan marasa zare, baƙa da baƙa, da ƙusoshi biyu a jikin taransifoma. Na je wurinsa har gado na tambaye shi wacce ce ta dama. Ya yi mini murmushi. Na koma na yi bismillah na ɗaura yadda hannuna ya faɗa.

Ni da Auta muka sunkuyar da shi muka shigar da shi tsakiya. Na jera taragai a bayan kan jirgi, na goge layi da tsumma, na murɗa makunni zuwa gaba. Fitilun tasha suka kama, na gada suka kama. Auta ta toshe baki. Jirgi ya yi ɗan gurnani, ya motsa.

Da baya ya tafi. Taragon ƙarshe ne ya shige gaba, kan jirgi na turo su daga baya, haka suka haye gada suka shiga ramin dutse. Na juya wayoyin nan biyu ke nan. Gyaran ba komai ba ne, amma ban motsa ba. Na sa wa Malam ido, ina jiran tsawar da za ta tsaga ɗakin.

Ya bi jirgin da kallo har ya zagayo. Ya gyaɗa kai.

"Kai, ya yi kyau. A ina ake sayar da irinsa?"

Auta ta matso kunnena. "Mama, baya fa yake yi."

"Na gani."

Na ɗora tafin hannuna a kan layi, na shafa shi da kyau a gabansa. Ya ci gaba da bin jirgin da kallo. Na debi tsakuwa na watsa a tasha. Jirgi ya zagayo, na sa yatsa na ture tarago ɗaya, ya faɗi a gefen gada ƙafafunsa na juyawa. Auta ta riƙe hannuna tana cewa Mama, Mama, na fizge.

"Malam, dubi abin da na yi! Ba ka gani ba ne? Yi magana mana!"

Ya dubi taragon, ya dubi fuskata da ta jiƙe. Sai ya ɗan matsa gefe ya ba ni wuri, ya ce in zauna in huta, kada in damu, mai abin ba zai yi faɗa ba.