Na Rufe Ƙofa Ina Waje

Allon kwamfutar ya tsaya cak bayan azahar, hannuna yana kan madannai.

Daga nan Gusau nake kula da na'urar wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye na Tsafe. Tun safe hoton cikin wata mai juna biyu ya ƙi isowa wurin likita. Na bi sawu, na gano katangar tsaron na'urar tana karkatar da saƙon kafin ta sauya masa adireshi, sai amsa ta dawo ta rasa gidan shiga. Na sauya jerin dokokin katangar. Wadda na ɗora a sama ta hana kowa shiga daga nesa, har da ni.

Na kira ma'aikaciyar jinyar, Malama Rabi.

"Hajiya, an gyara?"

"Na rufe ƙofar, Malama, kuma ina waje. Sai mutum ya zauna gaban na'urar."

"To, wa za ya zauna? Ni ko kunna ta sai na yi bisimilla." Ta ƙara da cewa, "Matar ga tana nan kwance. Mijin na tambaya ko shi nemo mota a kai ta Gusau."

Na nufi tasha don in je da kaina. A tasha an shaida mini babu direban da zai ɗauki hanyar ƙauyen bayan la'asar.

Ina ta tuhumar kaina: gaggawar taimako ce ta hana ni bar wa kaina hanyar komawa, ko yarda da kai ce?

Wanda ya taɓa ɓata abu garin gyara, ya faɗa mini yadda ya iya haƙuri da kansa. Mai juna biyun kuwa, ku sa ta a addu'a.